Huda ƙarfe na fil ɗin tarakta ba gudu yake so ba

Wai mutane da yawa sun ɗauka in za ka huda babban rami a ƙarfe, irin na fil ɗin da ake jona garma ko haro da tarakta, sai ka sake wa diril gudu ya ci da sauri. Wallahi nan ne bakin diril ɗin ke ƙonewa. Iya girman baki iya rage gudu, don gefensa ya fi na ƙarami cin tazara a duk juyi ɗaya, zafi ya taru ya dakushe shi nan take.

Fil na ƙasa, wato na hannaye biyu na ƙasa da ke bayan tarakta, kaurinsa a ƙananan taraktoci milimita 22 ne, na matsakaita 28, to huda ramin irin wannan, juyi 300 ko kusa da haka a minti ya ishe shi, ka fara da ƙaramin baki ya buɗe hanya sannan ka sa babban, kana danna shi sosai kana ɗiga mai. In ka ga ɓarɓashin ya koma shuɗi to gudun ya yi yawa.

Kuma dan Allah a ɗaure ƙarfen da bayis, wato abin matse ƙarfe a kan tebur, don in baki ya cije sai ya murɗe maka hannu. Masu fasawa da wutar walda kuwa ramin baya fita daidai, fil yai ta lilo a ciki har ya cinye.