Danjar Ɗan Gaye

Ɗan Gaye ya dire kwalin a gaban Bakanike, ya gyara tabarau, ya ce, "Oga, jiya suka iso daga Caina. Matakan ƙafa ne na 'yan tsere, kuma ina so kafin la'asar ƙafafuna su koma baya su ɗaga sama kamar na Rossi."

"Wane Rossi?"

"Valentino Rossi mana, mutumin Italiya mai lamba 46, wanda ya ci kambun duniya har sau tara."

"Madalla. Shi ma ɗin babur mai injin 125 yake hawa, yana ɗauko wa mahaifiyarsa niƙa?"

Ɗan Gaye ya yi kamar bai ji ba. Bakanike ya zazzage kayan a kan buhu, ya ɗaga wani noti mai huda a ciki da wayoyi biyu a kansa, ya jinjina kai. "Ɗana, wanda ya ƙera waɗannan kaya ya ƙera su ne don babur mai birkin faifai a baya, irin wanda mai ke matsawa. Wannan notin makunni ne: ana ɗaura shi a bakin bututun man birki da washa biyu na jan ƙarfe, a fitar da iska daga man, to duk lokacin da ka taka birki ƙarfin man ne zai danna shi ya kunna danja. Naka kuwa birkin gargajiya ne, sandar ƙarfe ce ke jan shu a cikin tukunyar tayar baya, babu ɗigon mai ko ɗaya a hanyar."

"Ai da kuɗina na saye shi, Oga, saboda haka sai an ɗaura shi."

"A ina?"

"Ko'ina ne. Idan mai yake so, a zuba masa mai a cikin tukunyar."

Tsohon Ɗan Acaɓa, wanda ke kan benci yana jiran a yi masa faci tun hantsi, ya ce, "Idan za a zuba wa shu mai, yaro, ka ba da kuɗin likkafani a haɗa lissafin gaba ɗaya. Na yi acaɓa a Kano har zuwa 2013 da aka hana, ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don birkinsa ya daina kamawa ba sai yau."

"Baba, wannan harkar zamani ce, ba ta ɗaukar fasinja ba."

Aka fara aiki. Ramukan notin matakan ba su dace da na jikin babur ba, sai da aka kai wa mai walda ya yanko faranti biyu, aka kuma rage tsawon sandar birki (abin da mai talla ya rubuta cewa yana shiga kowane babur kai tsaye ke nan, kuma mai tallan ba ya ɗaukar waya). Da aka zo kan giya, Ɗan Gaye ya dage sai an juya hannun da ke kan sandar giya ya kalli ɗaya ɓangaren, domin 'yan tsere lamba ɗaya sama suke ɗagawa, sauran su danna ƙasa, don kada yatsunsu su shiga ƙarƙashin ƙarfe lokacin da suka kwanta a kwana.

"Wace kwana za ka kwanta a ciki?" in ji Bakanike. "Daga nan zuwa gidanku rami goma sha ne da kwalbati ɗaya."

"Ka juya kawai, Oga."

Aka juya. Sannan Bakanike ya taka kik a hankali, ƙarfen ya sauko rabin hanya ya daki sabon matakin ya tsaya cak. "Ka gani ko? Daga yau ba ka da kik, rayuwarka tana hannun batir."

"Babur ɗin tsere ba shi da kik."

"Ba shi da danjar birki ma, na sani, kada ka wahalar da bakinka."

"To ka ga ke nan sai a bar danjar."

"Rossi ba ya gudu da Adaidaita Sahu a bayansa, direban yana lissafin canji da hannu ɗaya. A shagona babur ba ya fita ba danja. Gari ya cika da samari masu fitila shuɗiya a ƙarƙashin inji da wata mai walƙiya a kan madubi, amma idan suka taka birki sai dai na baya ya yi duba ya gane." Ya juya ya ƙwala wa Yaron Shago kira, ya ce ya haɗa wayoyin tsohon makunnin kafin ya dawo daga salla.

Yaron Shago ya fere wayoyin da haƙori, ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da ledar ruwa, ya murɗa makulli. Danja ta kama jawur, ba a taɓa birki ba. Ɗan Gaye ya yi tsalle, ya fito da waya ya shiga ɗaukar bidiyo, yana kunna babbar fitila, yana danna hon, har Bakanike ya idar da salla ya tsaya cin rake a hanya.

"Wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Oga, a bar ta haka, wallahi ta fi kyau," in ji Ɗan Gaye.

"Danjar da ba ta mutuwa ba ta gaya wa na baya komai. Kai kuma zo nan ka buɗe kunnenka." Ya kama kunnen yaron ya kai shi gindin babur. "A irin waɗannan babura da suka bi tsarin Honda, baƙar waya ita ce ke kawo wuta daga makulli, koriya mai ratsin ɗorawa ita ke kai ta ga danja, makunni kuma yana tsakaninsu kamar mai gadi. Kai ka kori mai gadin ka haɗa su kai tsaye. Ƙwan nan zare biyu ne da shi, ƙarami mai wat 5 na dare, babba mai wat 21 na birki, kuma babban ka bari yana ci tun ɗazu, saura kaɗan ya narkar da murfin."

Ya raba wayoyin, ya mayar da su bakin makunni, ya naɗe da salatif. Sifirin ɗin da ke jan makunnin ya daina kaiwa tunda fedal ya koma baya, sai ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya yi wa makunnin sabon mazauni, ya huda fedal ya maƙala sifirin. Ya bar wa fedal wasa na kamar milimita 20 zuwa 30, sannan ya riƙe jikin makunnin yana juya notinsa kaɗan-kaɗan har danja ta riƙa kamawa daf da lokacin da shu zai fara cizo.

"Saura notina mai wayoyi biyu," in ji Ɗan Gaye.

Bakanike ya zura masa zare ya ɗaure shi a jikin makulli. "Ga shi an ɗaura."

Ɗan Gaye ya hau, gwiwoyinsa suka kusa taɓa ƙirjinsa. Ya danna sitata, inji ya yi tari sau biyu ya tashi da ƙyar. Ya danna giya ƙasa kamar yadda ƙafarsa ta saba, babur ya shiga lamba biyu, ya zabura taku uku ya mutu. Ya sake danna sitata, ta ce ƙyas. Ya taka kik, kik ya daki mataki. Ya sauka ya fara turawa, ya waiwayo yana haki ya ce, "Baba, 'yan tsere ma ai tura musu ake yi."

"Haka ne, yaro, amma su ana biyan masu turawar."

A bakin kwalbati babur ya nemi ƙwacewa, Ɗan Gaye ya kai ƙafa ya taka birki, Yaron Shago ya daka tsalle. "Oga, danjar ta kama!"

Bakanike bai ɗago kai ba. "Tattara tsofaffin matakan ka ɓoye su a bayan kanta. Idan ɗan gwangwan ya zo, ka ce masa mai su yana nan tafe gobe da safe."