Wai 'yan boko ba su iya ƙwallo ba

Jiya a majalisa wani ya kusa sa ni ƙwarewa da shayi, wai abin da ya sa jami'o'in Stanford da Cal na California suka rasa madafa da ƙungiyar gasar jami'o'insu ta Pac-12 ta watse, har sai da suka yarda da ragin kason kuɗi kafin wata ƙungiyar gasar, ACC, ta karɓe su a 2024, shi ne 'yan boko ragwaye ne, karatu ya tsotse musu ƙarfi. Kai jama'a! Ƙwallon Amurka fa nake nufi, ta masu hular kwano.

To ragwayen nan su suka kafa wasan. Princeton da Rutgers ne suka buga wasan jami'o'i na farko a 1869, Yale ta gina filinta a 1914 mai cin mutum kusan dubu 70. Ba gazawa ba ce malam, zaɓi suka yi. Jami'o'in Ivy League guda 8, wato su Princeton da Yale, sun ce ba za su ɗauki nauyin karatun yaro don kawai ya iya gudu da ture mutane ba, to yaron da iyayensa ba su da hali, Jami'ar Alabama na kiransa kyauta ga filin mutum dubu 100 ga talabijin, kai in ɗanka ne ina za ka tura shi tsakani da Allah?

Sai ya ce min ai Michigan ma akwai karatu kuma filinsu ya haura dubu 107. Eh mana, ai hujjata ka ƙara wa gishiri, su sun zaɓi su zuba kuɗi, shi ke nan. Zaɓi ne.

Kuma ku duba garuruwan. Jihar Alabama ba ta da kulob ɗin NFL, gasar ƙwararru, ko ɗaya, ranar Asabar jami'a ce sallarsu, kaka da jika kowa da jar riga. Mutumin Boston kuwa ga Patriots na NFL da kofi 6, ga Celtics na kwando ga Red Sox na baseball, me zai kai shi shan sanyi don kallon ɗalibai? Jami'ar Boston ta rufe ƙwallonta a 1997, Northeastern ta bi sahu a 2009, sun yi lissafi sun ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Ni dai har ga Allah ina tausayin yaran da aka ce musu ku tattara babu wasa baɗi, amma ban ga laifin makarantar da ta tuna dalilin kafa ta ba.

Wallahi ta Jami'ar Chicago ce ma ke ba ni dariya. Ɗalibinsu Jay Berwanger ne ya fara cin kyautar Heisman ta gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i a 1935, a 1939 shugaban jami'ar ya soke ƙwallon, zuwa Disambar 1942 masana kimiyya su Enrico Fermi sun shige ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na filin sun kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya. Mutumin nawa dai ya ce ƙarya nake, kuma ya tafi bai biya kuɗin shayinsa ba.