Hannun Baba da baƙin mai

Duk wanda ya tashi a Daura ya san irin rumfar da nake nufi: 'yar rumfar kwano a bakin titi, benci ɗaya, daro da ruwan da ya riga ya yi baƙi, famfon iska a jingine jikin dogon yaro. A irin wannan rumfa mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, ya yi rayuwarsa yana gyaran keke. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya aurar da yayyena, da ita ya sa ni makaranta.

Abin da ya sa na tuno da shi yau, wata magana ce da na ji a majalisarmu. An tambayi wani matashi sana'ar babansa, sai ya sunkuyar da kai ya ce wai yana ɗan taɓa kasuwanci, alhali kowa a wurin ya san kurar ruwa bawan Allah yake turawa. Jikina ya yi sanyi, domin ni ma na taɓa yin abin da ya fi wannan muni.

Baba ya fara sana'arsa tun ana kashe fam da sule. Ko bayan naira ta shigo a 1973 bakinsa bai saki tsohon lissafi ba, kwabo goma sule ce a wurinsa, naira biyu kuma fam guda. A zamanin keke ne motar talaka. Malamin firamare da Raleigh ɗinsa, masinjan ofis, manomin da ya taso daga ƙauyukan Sandamu ko Zango da buhun gero a kariya, mutanen ƙetare masu shigowa ta Kongolam, kowa sai ya ratsa ta rumfar.

Har yanzu ina ganin yadda yake faci. Zai zare robar cikin tayar, ya ba ta iska, ya tsoma ta a daro yana juyawa a hankali har ya ga inda kumfa ke tasowa. Sai ya soka tsinken ashana a hujin don kada ya ɓace masa, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, sannan ya ajiye ya jira ya sha iska. Mai keke na tsaye yana ƙorafin sauri, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ka bari ya kama, in ba so kake ka tura shi a hanya ba." Ban taɓa ganin ya ce wa mutum a sake sabon abu alhali tsohon zai gyaru ba, ko da kuwa a sabon ne zai fi samu.

Lokacin da nake sakandare an riga an ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, aikin gwamnati ya buɗe, abokaina da yawa 'ya'yan ma'aikata ne. Wata rana mun taso muka biyo ta gaban rumfar. Baba ya hango ni, ya ɗaga hannunsa duk baƙin mai, ya kira sunana. Na kau da kai. Wani daga cikin abokan ya ce, wa ke kiranka? Na ce wani mai faci ne a unguwarmu. Kuma ya ji ni, don tsakaninmu bai fi taku goma ba.

Da daddare bayan sallar isha'i ya kira ni zaure. Na zo na durƙusa ina jiran faɗa. Sai ya zaro wani ƙulli a leda ya miƙo mini, ya ce, "Ga kuɗin jarrabawarka, shi ne na kira ka ɗazu in ba ka." Da na kwance a ɗaki, kusan kowace takarda da shatin yatsansa a jiki. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, a ranar ko bayanta. Ni kuma nauyin baki ya hana ni neman gafara sai da ya kwanta ciwon ajali. Na tuna masa ina kuka, ya dafa kaina ya ce ai tun a daren ya yafe.

'Yan'uwana matasa, ba kowa ke samun wannan damar ba. Da yawanmu muna zaune a majalisa daga hantsi har la'asar da waya a hannu, kuɗin katin ma daga aljihun tsohon ya fito, amma in abokai suka zo ba ma so a gan shi da kayan aiki. Muna jiran takardar ɗaukar aiki, ko muna gadin ƙofar wani ɗan siyasa don a miƙo mana dubu biyu, sannan muna ganin mai faci, maƙeri da ɗan garuwa ba su kai ba. To wa ya fi wani mutunci? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda da aikin hannunsa yake ci. A Suratul Isra'i Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf", ina ga ɗan da zai musanta ubansa a gaban mutane?

Da babura suka cika gari, kekuna suka ja baya, ciniki ya mutu. Baba da furfurarsa ya je wurin yaron da shi ya koya wa riƙe sufana, ya zauna ya koyi aikin tayar babur. Bai ga faɗuwa a cikin haka ba. Mu kuwa yau sai a nuna wa mutum sana'a ya ce ba ajinsa ba ce.

In mahaifinka na raye, ka tashi ka same shi a inda yake nema, a cikin ƙurar da ranar. Ka durƙusa ka gaishe shi a gaban jama'a, ka karɓi abin da ke hannunsa ka taya shi. Ka tambaye shi yadda ya fara, wa ya koya masa, wace shekara ce ta fi ba shi wuya. Ni akwai tambayoyi da yawa da na bari sai gobe, yanzu babu mai amsa mini su. In kuma ya riga mu gidan gaskiya, addu'arka na cikin abubuwan da ba sa yanke masa.

Ranar sadakar uku wani dattijo ya zo daga wajen Mai'aduwa, babu wanda ya san shi a cikinmu. Bayan ya yi gaisuwa sai ya kwance bakin rawaninsa ya fito da kuɗi. Ya ce shekarun baya kekensa ya lalace da magariba ba shi da ko kwabo, Baba ya gyara masa da hasken fitila ya ce ya kawo duk ranar da ya samu. Muka ce ya bar shi, ya ce a'a, amana ce. Inna ta karɓa, ta sa aka sayo ƙosai washegari aka raba wa almajirai.