Ya yi kalmar shahada, amma wa ya naɗa shi malami?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, musamman ku samari da waya ba ta barin hannunku dare da rana, maganata yau a kan Andrew Tate ce. Na san da jin sunan wasu sun gyara zama, wasu kuma tuni sun fara haɗa martani. Ku daure ku karanta tukuna.

An haifi wannan bawan Allah ranar 1 ga Disamba 1986 a birnin Washington na Amurka. Mahaifinsa, Emory Tate, baƙar fata ne Ba'amurke, tsohon sojan sama kuma gwani a wasan darar Turawa da ake kira ches. Mahaifiyarsa Baturiyar Ingila ce. Da auren ya mutu, uwar ta kwashi 'ya'yanta uku ta koma garin Luton, suka zauna a gidajen da hukuma ke ba marasa ƙarfi. Yaron ya tashi cikin rashi, ya shiga damben nan da ake haɗa naushi da shuri, ya sha wuya a cikinsa har ya ɗauki kambun duniya a 2011, ya sake ɗaukar wani a 2013. Wannan gumin nasa ne, ba mai ƙwace masa, ni ma ban zo don in rage masa shi ba.

Amma ba dambe ne ya kawo shi cikin wayarka ba. A 2016 ya shiga shirin talabijin na Big Brother a Birtaniya, bai cika mako ba aka fitar da shi, bayan wani bidiyo ya bayyana yana dukan wata mace da bel. Shi da matar duk sun ce da yardarta aka yi. A 2017 ya tattara ya koma Romaniya tare da ƙaninsa Tristan. Dukiyar da yake taƙama da ita kuwa, da bakinsa ya faɗi tushenta: ya tara mata, a cewarsa har 75, suna nuna tsiraici ta kyamara, maza na biya daga nesa, ana shirya musu labaran ƙarya na ban tausayi don su ƙara turo kuɗi. Su da kansu 'yan'uwan biyu sun gaya wa wata jaridar Birtaniya cewa harkar yaudara ce tsagwaronta. Daga baya suka sa hannu a gidajen caca. Tsiraici, yaudara, caca. Ɗan Musulmi ba ya buƙatar a buɗe masa littafi kafin ya san hukuncin waɗannan.

Yadda ya cika intanet a 2022 shi ne abin da nake so ku fahimta sosai, domin da yawanku kuna ɗauka ɗaukaka ce ta sauko masa haka kawai. Ya buɗe wata makarantar intanet mai suna Hustler's University, ana biyan kusan dala 50 duk wata, wai za a koya maka neman kuɗi. Cikin hanyoyin neman kuɗin akwai wannan: ka yanko guntun bidiyonsa, ka watsa a TikTok da sauran shafuka, ka maƙala mahaɗarka, duk wanda ya yi rajista ta hannunka a ba ka kamasho. Wane guntu ne ya fi tafiya? Wanda ya fi tayar da ƙura, wanda zai sa mata su fusata maza su yi shewa. Dubban yara suka duƙufa kan wannan aiki, har a watan Agusta na shekarar aka ƙiyasta an kalli bidiyoyin da ke ɗauke da sunansa a TikTok sama da sau biliyan 11. A watan ne Facebook da Instagram da TikTok da YouTube suka rufe masa shafuka. To ka ga, ƙanena, fuskar nan da ta yi ta bin ka duk inda ka leƙa, talla ce aka biya a yi. Wanda ya turo maka ladansa yake nema.

Sai ga Oktoba 2022. Bidiyo ya fito yana salla a wani masallaci a Dubai, ya kuma sanar cewa ya karɓi Musulunci. Daga ranar Musulmi suka rabu gida biyu a kansa, kuma a ganina kowane gida ya yi kuskure, sai dai kuskuren ɗaya ya fi ɓarna.

Gida na farko su ne masu rantsuwa cewa ƙarya yake, munafuki ne, mafaka yake nema. Ku ji tsoron Allah. Usama ɗan Zaid, Allah Ya yarda da shi, ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya ce la'ilaha illallah, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi faɗa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Idan a ƙarƙashin takobi an karɓi kalmar mutum, wane ne ni da zan mayar da ta wani daga kan tabarmata? Amru ɗan Asi ma da ya zo mubaya'a yana neman sharaɗin a gafarta masa, an shaida masa cewa Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi. Ƙofar da Allah Ya buɗe, babu mai gadin da aka naɗa a cikinmu. Tate ɗan'uwanmu ne a zahirin kalmarsa, zuciyarsa kuma tana hannun Mai ita.

Gida na biyu su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Mutum ya yi shahada jiya, yau an ɗora shi a mumbari. Kowace kalma ta fito daga bakinsa a kan mace, a kan aure, a kan arziki, sai a yanko a sa mata kabbara a watsa, kamar fatawa ce daga Haramaini. Wanda ya ce uffan a ce maƙiyin addini ne. Imam Muhammad ɗan Sirin, cikin manyan tabi'ai, ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wajen wa kuke karɓar addininku. Sabon musulunta haƙƙinsa a kanmu shi ne a koya masa tsarki da alwala da Fatiha, a ja shi a jiki, a yi masa gyara a hankali. Mu kuwa mun ɗauki ɗan koyon tuƙi mun miƙa masa makullin bas cike da 'ya'yanmu, muna tafa masa. Mun cuci yaran, shi ma mun cuce shi, domin wanda miliyoyi ke yi wa kirari da wuya ya samu mai ce masa nan ka kauce.

Kuma ku auna abin da yake koyarwa da abin da aka saukar. Ya sha faɗa cewa mace mallakin mijinta ce kamar kaya. Ya taɓa rubuta cewa wadda aka yi wa fyaɗe tana da nata kason na laifi. Wasu samari sun ji wannan sun ce ai Musulunci ke nan, mutumin ya gano gaskiya tun kafin ya shigo. Subhanallah. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 19, ya zo ne ya haramta a gaji mata kamar dukiya, abin da Larabawan jahiliyya ke yi, ya kuma ce a zauna da su da alheri. Shugabancin da Allah Ya ba namiji a gida nauyi ne: ciyarwa, tufatarwa, kariya, haƙuri, da tambaya ranar gobe. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ce Annabi bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Da aka tambaye ta me yake yi a cikin gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Shi ne ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Yaron da ya kwana yana sauraron yadda ake juya mace da tsoro da kuɗi, ranar da aka kai masa 'yar mutane ɗaki, wane darasi zai tuna?

Zancen ƙarfi ma haka. Zakaran dambe ne, babu musu. Amma hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito ya riga ya yanka mana ma'auni: mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. A 2017 ya rubuta cewa ciwon damuwa ba gaskiya ba ne. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, Alƙur'ani ya faɗa a Suratu Yusuf, ba a kuma ce masa rago ba. Annabinmu ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Akwai yara a gidajenmu da abin ke cin su a ɓoye, in suka ji namijin gaske ba ya damuwa sai su ƙara yin shiru.

Sai dukiya, wadda ita ce ainihin ƙugiyar. Ku buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 76. Da aka yi wa Ƙaruna nasiha, cewa ya yi an ba shi dukiyar ne saboda wani ilimi da ke wurinsa. Sannan ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son rayuwar duniya suka ce ina ma muna da irin abin da aka ba Ƙaruna. Ban ce Tate Ƙaruna ba ne, Allah Ya kiyaye harshena. Mu nake duba a cikin ayar: masu tsayuwa a bakin hanya suna haɗiyar yawu. Abin da ake sayar maka ke nan: ni na san sirrin, kai ba ka sani ba, biya in koya maka. Wata biyu bayan musuluntarsa, ranar 27 ga Disamba 2022, ya rubuta wa Greta Thunberg, yarinyar nan 'yar Suwidin mai fafutukar sauyin yanayi, yana mata gorin motocinsa 33. Kwana biyu bayan haka hukumomin Romaniya suka kama shi da ƙaninsa, a Janairu aka ga ana ɗora motocin alfarmar a kan manyan motoci ana fita da su daga gidansa. Ba na fassara wannan da azaba ko sakayya, ilimin hakan na Allah ne. Na dai ga mota ta bar ƙofar mai ita ba da izininsa ba.

Game da shari'o'insa zan taƙaita, domin a nan ne harsuna suka fi zamewa. An tsare su har ƙarshen Maris 2023, aka mayar da su ɗaurin talala. A Yuni aka tuhume su da safarar mutane da kafa ƙungiyar aikata laifi, shi kuma har da fyaɗe. A Disamba 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Bukares, babban birnin Romaniya, ta mayar da takardun ga masu gabatar da ƙara saboda kurakurai a cikinsu. A watan ne kuma wata kotu a Landan ta ba 'yan sanda damar ƙwace sama da fam miliyan 2 nasu kan harajin da ba su biya ba. A Mayu 2025 masu gabatar da ƙara na Birtaniya suka tabbatar da tuhuma 21 a kan su biyun. Sun musanta zargin fyaɗe da safarar mutane gaba ɗaya, kuma a duk matakan nan da na lissafa babu inda aka yanke cewa sun aikata. Don haka kada ka rantse ya yi. Kada kuma ka rantse bai yi ba, kana zagin matan da suka kai ƙara, mata da ba ka taɓa gani ba, don kawai an ga wanda suka kai ƙarar yana riƙe da Alƙur'ani a ƙofar kotu. In an zalunce su, shahadarsa ba ta sa mu zama abokan gabarsu ba. An ce mu taimaki ɗan'uwa ko da shi ne azzalumin, aka kuma bayyana cewa taimakonsa shi ne a hana shi zaluncin.

Na san amsar da za ku ba ni: amma Malam, yana faɗin gaskiya, yana cewa a tashi da wuri, a motsa jiki, a bar lalaci, a nemi na kai. Haka ne. To asuba fa, da ladan ke kiran ka tun kana cikin zanin goyo? Mahaifinka da ke fita kasuwa ko gona tun duku-duku yana ciyar da gida guda da halal, bai taɓa ce maka ka tashi ba? Bambancin dai shi ba ya da motar alfarma irin Bugatti.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu iyaye da yayye da masu hawa mumbari. Yaro ya gama makaranta ba aiki, ba jari, lefe ya fi ƙarfinsa, a gida in ya buɗe baki a ce ya yi shiru manya na magana, a masallaci ya tarar ana raddi kan raddi tsakanin malamai. Sai wani daga Romaniya ya dube shi ta cikin waya ya ce masa kai namiji ne, za ka iya. Dole ya saurara. Alhaji, ka ga ɗanka da wannan mutum a waya, kada ka fara da ƙwace wayar. Zaunar da shi ka tambaye shi me ya burge shi, ka ji amsar har ƙarshe ba tare da tsawa ba. In ƙarfin jiki yake so, ka ba shi kuɗin wurin motsa jiki. In kuɗi yake so, ka ɗora shi a kan sana'a, ko da wajen abokinka ne, ka riƙa bibiya. Ka bar shi ya ga yadda kake magana da mahaifiyarsa ranar da ranka ya ɓaci.

Allah Ya tabbatar da Andrew Tate a kan Musulunci, Ya haɗa shi da malamin da ba ya tsoron mabiyansa. In akwai haƙƙin wata a wuyansa, Allah Ya fitar mata da shi tun a duniya, in kuma ƙage aka yi masa Allah Ya wanke shi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.