Ƙannena masu kwana da littattafan makarantar sihiri

Ƙannena, ba zan ce ku jefar da littattafan nan ba. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba mu da bakin hana ku labarin ƙirƙira, kuma yaron da zai zauna ya cinye littafin Turanci mai shafi sama da 700 ya sami abin da sa'o'insa da yawa ba su samu ba. Abin da kuke kwasowa daga ciki ne yake damuna.

Ku ɗauki Harry Potter, wanda J.K. Rowling ta fara fitarwa a Ingila a 1997, ta rufe da littafi na bakwai a 2007. Na san abin da ke burge ku: maraya ɗan shekara 11 ya sami wasiƙa daga makarantar sihiri, an ce masa shi na daban ne, ya ɗaga sanda ƙofa ta buɗe. To ku sake dubawa da kyau. Karatun makarantar nan shekara bakwai ne. Akwai aikin gida da malami ke faɗin tsawon takardar da za a cika, akwai horo, akwai babbar jarrabawa a shekara ta biyar da wata a ta bakwai. Yarinyar da ke yawan fid da abokanta daga halaka ba ta gaji sihiri a gida ba, iyayenta likitocin haƙori ne. Ɗakin karatu ta mayar ɗakin kwananta. Ita kuka tsallake, kuka riƙe sanda.

Ga yaro WAEC saura wata biyu, yana cikin bargo da hasken waya har ƙarfe uku na dare, wai sai ya ga ƙarshen babi. Asuba ta wuce shi, ya shiga aji ido jajur, littafin lissafinsa ko ɓare shi bai yi ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Sai maganar aƙida, wadda ba ta wasa ba ce. Sihirin littafi ƙagen marubuciya ne, yawancinsa kalmomin Latin da ta lanƙwasa. Na gaske kuwa, Annabi (SAW) ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, daga shirka sai shi, aya ta 102 ta Suratul Baƙara kuma ta faɗi makomar mai sayen sihiri. Zuciyar da ta saba da kwaɗayin samu ba wahala, ita ce gobe za a ce mata akwai boka mai maganin cin jarrabawa ta tsaya saurare. Nan nake ji muku tsoro.

Ku manyan gida kuma, ku sani labarin yana ƙara nauyi yadda yaran ciki ke girma. A littafi na huɗu an kashe ɗalibi a gaban abokinsa, daga nan kuma mace-mace sai ƙaruwa. Kada ka miƙa wa ƙanwarka 'yar shekara tara na shida don kawai ta ji daɗin na farko. Karanta shi tukuna, in ta fara kuma ka riƙa tambayarta inda ta kai da abin da ta fahimta.