Marinar Ƙofar Mata ba ita kaɗai ba ce

Na karanta wani rahoto da ke cewa yadudduka masu arha daga ƙasashen waje suna neman durƙusar da marinar Ƙofar Mata ta Kano, kuma na yarda da hakan, sai dai marubucin ya taƙaita kan shekarar 1498 da ake danganta kafuwarta da ita, wato ƙarshen mulkin Sarki Muhammadu Rumfa, bai yi bayanin sana'ar kanta ba.

Rini da baba, wato tsiron da ake samun shuni daga ganyensa, aiki ne mai buƙatar ilimi. Marini yakan haɗa baba da toka da ruwa a cikin karofi, wato ramin rini, ya bar su kwanaki har su ruɓa, sannan ya riƙa tsoma zane yana fitarwa, domin sai iska ta bugi zanen yake komawa shuɗi. Ko lakar da ke kwantawa a ƙasan karofin ba a zubar da ita, ana ƙona ta a samu katsi, wanda ake haɗa laso, wato simintin gargajiya, da shi a shafe karofi don kada ruwa ya tsiyaye.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin ambaton garin Kura, inda mabuga ke buga rinannen zanen da ake kira turkuɗi da shuni har ya riƙa ƙyalli, Buzaye kuma su saya don rawani. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai rinannen tufafin ƙasar har Timbuktu da Tarabulus. Duk shirin farfaɗo da rini da ya bar mabugan Kura a baya, rabin aiki ne.