Kafin a Zuba Kananzir: Abin da Ray Bradbury Ya Hango a 1953

A farkon shekarun 1950, wani matashin marubuci ɗan Amurka, Ray Bradbury, ba shi da kuɗin kama ofis. Sai ya riƙa sauka ɗakin ƙasa na laburaren jami'ar UCLA a Los Angeles, inda ake hayar tafireta a kan santi 10 duk rabin awa. Cikin kwana tara ya kashe dala 9 da santi 80, ya fito da labarin da mujallar Galaxy ta buga a 1951. Shi ne ya faɗaɗa ya zama littafin Fahrenheit 451 a 1953.

Labarin wata ƙasa ce ta nan gaba inda aikin 'yan kwana-kwana ya juye: kananzir suke ɗauka, duk gidan da aka samu littafi su cinna masa wuta. Guy Montag ɗaya ne daga cikinsu, yana jin daɗin aikinsa, har ranar da wata tsohuwa ta ƙi fita ta bar littattafanta, ta ƙyasta ashana da hannunta ta ƙone tare da su.

Yawancin masu karatu suna ɗaukarsa a matsayin gargaɗi kan gwamnatin kama-karya. Suna da hujja, domin an rubuta shi a zamanin da Sanata McCarthy ke farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci, kuma ba a manta da yadda 'yan Nazi suka ƙona littattafai a Jamus a 1933 ba. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. A 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin Kyaftin Beatty, ogan Montag. Ya ce abin bai faro daga hukuma ba. Jama'a ne suka gaji da karatu, suka nemi a taƙaita musu komai, kowane ɓangare kuma ya nemi a cire abin da ya sosa masa rai. Da hukuma ta zo, ta tarar da aikin ya kusa ƙarewa.

Dubi Mildred, matar Montag. Bango uku na falonta talabijin ne, tana damun mijinta ya sa na huɗu. Mutanen cikin akwatin take kira danginta. Kunnenta kullum a toshe da 'yan na'urorin saurare, irin waɗanda yau ake sayarwa a kowace tasha. Ta shanye kwalbar ƙwayar barci, aka wanke mata ciki, gari ya waye ba ta tuna komai ba. Ƙarshenta da bakinta ta kai ƙarar mijinta. Ba na jin haushinta idan na karanta, tausayi take ba ni, don na san gidajen da ake zama haka bayan isha'i, kowa da wayarsa.

Inda na saɓa da Bradbury shi ne yawan ɗora wa na'ura laifi. A wajenmu rediyo ne ya kai ƙagaggun labarai ga waɗanda ba su iya boko ba, yau kuma mata da yawa a waya suke rubuta littattafansu, a waya ake karantawa. Faber, wani tsohon malami a cikin littafin, ya fi kusa da gaskiya da ya ce wa Montag abu uku ake buƙata: magana mai nauyi, sararin da za a narkar da ita, da 'yancin aiki da abin da aka fahimta. Na biyun ne muke rasawa.

Littafin ya ƙare da wasu mutane a bayan gari, kowannensu ya haddace littafi guda yana yawo da shi a ka. Ga Ba'amurke wannan abin al'ajabi ne. Bahaushen da ya tashi yana jin tilawar gardawa da asuba ba zai nemi a yi masa bayani ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zan so wani mai fassara ya ɗauki littafin ya mayar mana da shi Hausa.